Kwala da Maɓalli

A shagonmu riga ba ta fita daga hannu ɗaya. Baba Mai Almakashi ne ke yanka yadi a kan dogon teburin da ke bakin taga. Tagwaye, Babba da Ƙarama, su haɗa gaba da baya, su sa hannu da aljihu. Daga nan rigar ta wuce wurin Anti Kwala, wadda ba ta taɓa komai a jikin riga in ba kwala ba. Sannan ta iso gare ni, in huda gidajen maɓalli da kekena, in ɗinka maɓallan, Dogo ya goge ya ninke. Kayan 'yan makaranta kawai muke ɗinkawa. Wando da siket ba su da rigima, Tagwaye kan gama da su su kaɗai. Riga ce mai jama'a.

Mai shagon kuwa Goggo ce. Kowa haka yake kiranta, har Baba da ya girme ta nesa ba kusa ba. Ita ba tela ba ce, mijinta ne tela, da ya rasu ta riƙe wurin. Ta iya awo, ta iya sayen yadi, ta iya lallashin iyayen yara, amma in ka zaunar da ita a kan keke ko layi ɗaya ba za ta miƙar ba. Ni ce ta ƙarshen zuwa shagon, kuma tun ranar da na zo ba wanda ya sake kirana da sunan gida. 'Yar Maɓalli ake ce mini.

A wannan shekarar kasuwa ta yi sanyi. Makarantun da kan aiko da aiki dami-dami suka yi shiru. Iyaye suka koma sayen riga ɗaya tal, ita ma sai ta jikin yaro ta yage ta inda ba ta ɗinkuwa. Uba zai shigo riƙe da hannun ɗansa, ya ce, "Gobe nake so, don Allah, ba shi da wata." Rediyon da ke kan kanta kuma kullum maganarta ɗaya, wai tattalin arziki ya karye, masana suna ta musu a kan ko gwamnati ta sake ba da tallafi irin na lokacin annoba ko kada ta ba da.

"Ya karye?" in ji Dogo, yana tura dutsen guga. "To a kai shi wurin mai ɗori mana, sai surutu."

"Kai dai goge rigarka," Baba ya ce. "Ranar da ya faɗo maka a ka za ka san ya karye."

Wata rana da yamma, muna shirin tashi, Goggo ta kashe rediyo ta ce kowa ya zauna. Na san in ana rage mutane daga ƙarshen layi ake farawa. Na zauna a bayan kekena na sa hannuwa a cinya.

Anti Kwala ce ta riga ta magana. "Goggo, in sallama ce ki faɗa mana ido da ido, mu kama gabanmu. Wancan karon a waya na ji tawa, ina tsaye a layin ruwa."

"Ba sallama ba ce," in ji Goggo. "Wancan karon ai ya ishe ni darasi."

Labarin wancan karon ba ni nan aka yi shi, amma na ji shi har na haddace. Da annoba ta zo aka rufe makarantu, Goggo ta sallami kowa ta sa wa ƙofa kwaɗo. Can daga baya gwamnati ta ce za ta biya wani ɓangare na albashi ga duk mai sana'ar da bai kori ma'aikatansa ba. Lokacin kuwa shagon Goggo ba kowa sai gizo-gizo. Telan da ke tsallaken titi, wanda muke kira Mai Gilashi, shi bai kori kowa ba. Ya rage wa ma'aikatansa kwanaki, suka riƙa ɗinka takunkumin fuska, tallafi ya zo ya same su a zaune. Da aka buɗe makarantu aiki ya zubo kamar ruwan sama, shi yana da hannuwa, Goggo tana da kekuna masu tsatsa. Sai da ta bi mutanenta ɗaya bayan ɗaya. Ta sami Baba yana gadin wani gida, Dogo yana haya da babur. Mai maɓallin da nake zaune a kujerarta ta bar garin gaba ɗaya, shi ya sa aka ɗauke ni. Kafin Goggo ta gama tattara su, manyan makarantu biyu sun tsallaka titi, kuma har yau ba su dawo ba.

"Tallafin ma ihu bayan hari ne," Baba ya ce. "Da sun faɗa tun farko, wa zai kori wani? Sai da kowa ya watse. Da aka raba kuma, ga kuɗi a hannun mutane ga kaya babu a kasuwa, yadi ya hau bai sake saukowa ba."

"Shi ya sa ba zan jira su ba," in ji Goggo. "Aikin da ke shigowa yanzu na mutum uku ne, ku kuma ku shida ne. Ba zan kori uku ba. Za mu raba makon. Uku su zo farkon mako, uku su zo ƙarshensa, kowa ya karɓi na kwanakinsa. In tallafi ya zo, ya same mu tare. In kasuwa ta farfaɗo, ta same mu tare."

Rabin albashi ba abin guɗa ba ne, amma da babu gara ba daɗi.

Dogo ya ɗaga hannu kamar ɗan aji ɗaya. "Goggo, me zai hana mu zo gaba ɗaya farkon mako, ƙarshensa a rufe, kowa ya je ya nemi na cefane?"

"In rufe ƙofa?" Goggo ta nuna tsallaken titi da haɓa. "Mai cewa gobe yake so, in ya tarar da kwaɗo, ina zai nufa? Ƙofar nan ba za ta sake ganin kwaɗo da rana ba."

Sai maganar wa zai zo yaushe. Nan fa aka soma ja-in-ja, kowa yana da dalilinsa. Goggo ta ce ba za ta zaɓa ba, kada a ce ta yi son kai. Ta raba Tagwaye da bakinta, Babba farkon mako, Ƙarama ƙarshe, tunda aikinsu ɗaya. Mu huɗun da muka rage ta ɗauko gwangwanina, ta jefa fararen maɓallai biyu da shuɗɗa biyu, ta girgiza, ta ce kowa ya rufe ido ya ɗauka. Baba da Anti Kwala suka ɗauki fari, farkon mako ke nan. Ni da Dogo muka ɗauki shuɗi. Kowa ya yarda an yi adalci, muka tashi muna dariya. Ba wanda ya tuna cewa gwangwani bai san yadda ake ɗinka riga ba.

Makon farko ya nuna mana. Yanka bai ba da matsala ba, don Baba kan yanka da yawa ya jera a kanta, kowane awo da tarinsa. Guga ma Goggo ta ce za ta riƙa yi a ranakun da Dogo ba ya nan. Amma 'yan farkon mako sai suka riƙa gama riga da kwala tsaf, gabanta a buɗe ba maɓalli. Mu kuma 'yan ƙarshen mako rigarmu maɓallai reras, wuya a sake kamar bakin buhu. Mai son riga gobe sai a ce masa ya dawo bayan kwana uku. Wasu suka yi haƙuri. Wasu muna kallo ta taga suka tsallaka titi.

"A haɗa su rana ɗaya mana, Kwala da Maɓalli," in ji Ƙarama.

"Sai ɗaya ɓangaren ya rasa duka biyun," Dogo ya ce. "Mu riƙa sayar da singileti ke nan."

Ranar da wani uba ya matsa, Ƙarama ta ce za ta gwada kwalar da kanta, ai ta shekara tana ganin ana yi. Ta yi, na sa maɓalli, Dogo ya danne da guga iyakar ƙarfinsa. Kashegari sai ga mutumin ya dawo da yaron sanye da rigar. Kunnen kwala ɗaya ya kwanta, ɗayan ya miƙe sama yana taɓa kumatun yaron.

"Hajiya, dubi ɗana," ya ce wa Goggo. "Jaki ne ya ji motsi? Tun safe 'yan ajinsu ke masa dariya."

Goggo ta ba shi haƙuri har da dafa ƙirji, ta karɓi rigar. Dogo ya shige bayan labule yana toshe baki. Ƙarama kuwa ta rantse ba ta ƙara taɓa kwala har abada.

Da yamma Goggo ta zauna a kan kujerar awo, rigar tana cinyarta. Ba ta ɗaga murya ba. "Zan gwada zuwa ƙarshen wata," ta ce. "In mutane suka ci gaba da tsallakawa, ba ni da yadda zan yi. Sai in riƙe mutum uku su yi mako cikakke, sauran su yi haƙuri." Ba ta kalle ni ba, kuma rashin kallon nan ya fi kallo faɗa mini gaskiya. Ba za a sallami mai yanka ba, ba za a sallami mai kwala ba. Maɓalli kuwa kowa gani yake wasan yara ne.

Abin da ya rage a fili yake, Anti Kwala ta koya wa wani a cikinmu. Goggo ta roƙe ta, Babba ce ta ba mu labari. Wai Anti ko kai ba ta ɗaga daga keke ba.

"Goggo, kin san dalilin da ya sa kika zo har ƙofar ɗakina bayan annoba, kina sallama kina murmushi? Ba don kyan fuskata ba ne. Don kin rasa mai yi miki kwala ne. Wata nawa na yi ina wankau a gidajen mutane? Yanzu in ɗauki abin da ya dawo da ni in miƙa wa yarinya, gobe in abu ya ƙara tsanani ki ce ai ga mai yi da araha? Ke kin koyi naki darasin, ni ma na koyi nawa."

Da na ji haka ban ga laifinta ba. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

A gida ban faɗa wa Inna komai ba, amma uwa ba a ɓoye mata. Babanmu tun da masana'antarsu ta sallame su lokacin annoba bai sake samun aiki tsayayye ba, yau a samu gobe a rasa. Albashina ne ke riƙe da hayar ɗaki. Inna ta gan ni zaune a bakin gado ranar da ba tawa ba, ina ta juya zare a yatsa.

"Ke kam ko zaman hutu ba ki iya ba," ta ce. "Me ke cin ki?"

"Riguna ne can ba maɓalli, Inna."

"To kin zauna nan za su sa wa kansu?"

Na yafa mayafi na fita. Shagon ba nisa, ƙafa ke kai ni. Na gaida kowa a hankali, na buɗe kekena, na ɗauki tarin rigunan da ke jiran maɓalli. Goggo ta fita sayen zare. Baba ya dube ni ta saman tabarau. Na yi riga ɗaya, na yi ta biyu, ina cikin ta uku sai inuwa ta rufe mini haske. Anti Kwala ce tsaye, hannu a ƙugu.

"'Yar Maɓalli, yau ranarki ce?"

"A'a, Anti."

"Biyan ki za a yi?"

Na girgiza kai.

"To tashi. Tashi, na ce! Ke kina ganin taimako kike yi? Yau ki zo kyauta, gobe a ce ni ma in zo kyauta ranarku, jibi mu wayi gari muna aikin mako a kan kuɗin rabin mako. Goggo mutuniyar kirki ce, amma ko mutumin kirki in ka saba masa da banza sai ya saba. Rufe keken nan."

Idona ya cika da ƙwalla, ba don faɗan ba, don na san gaskiya ta faɗa. Na soma tattara zare. Sai dai na tuna ƙarshen wata, na tuna mai gidan haya, kuma ban san inda na samo bakin ba.

"Anti," na ce, muryata ko Baba da ke kusa da ƙyar ya ji. "To in zan tafi, in nuna miki yadda ake yi? Don kada rigunan su kwana."

"Ki nuna mini me?"

"Keken maɓalli."

Ta yi dariya har da tafa hannu. "Babba, kin ji? Yarinyar da aka haifa ina kan keke ita za ta koya mini huda rami. Matsa in ga, abin da bai fi ƙiftawar ido ba."

Na tashi ta zauna. Keken maɓalli ba irin sauran kekuna ba ne. Shi ba a tura masa yadi, kamawa yake da ƙafarsa ya yi ta gudu shi kaɗai, ya zagaye ramin, sannan wuƙarsa ta sauko ta tsaga. In ka saba da keken da kake ja wa yadi, hannunka ba zai haƙura ba. Anti ta ɗauki ƙyalle, ta taka, keken ya ɗauki ƙara, hannunta ya ja yadin kamar yadda ya saba shekara da shekaru. Ƙas! Allura ta karye, wuƙar ta sauko a karkace ta tsaga ƙyallen har baki.

"Ƙiftawar ido kuwa," in ji Baba, yana ci gaba da yankansa. "Ban ma gama ƙiftawa ba."

"Baba, ka fita daga idona. Keken ne ba shi da tarbiyya." Ta juyo gare ni. "Sa wata allurar."

Na sa. Ta sake takawa, ramin ya fito ɗaya gefen a cike ɗaya a sake. Na uku ya yi gajere, maɓalli ya ƙi shiga. Babba ta bar ɗinkinta ta zo kallo. Anti ta share goshi da bakin ɗankwali.

"To malama, ina kuskuren?"

"Hannunki, Anti. Ki ajiye shi a kan tebur. In ya kama yadin, ba ruwanki da shi kuma."

"In zauna hannu sake kamar baƙuwa?"

"Eh. Kuma ki fara sa alama da alli, daga na wuya zuwa ƙasa. Na wuya a kwance yake, sauran a tsaye."

Ta ɗora tafukanta a kan tebur kamar mai jiran a sa mata lalle, ta taka. Keken ya zagaya, wuƙa ta sauko, rami ya fito sumul. Ta ɗaga ƙyallen ta duba a haske, ta tura maɓalli ya shige ya zauna. Ta daɗe tana kallonsa.

"Ashe abin naki ma da ilimi," ta ce. Sannan ta rage murya yadda ni kaɗai zan ji. "Ke ba ki tsoro? Kin ba ni abincinki a hannu. In na iya wannan, me zai hana Goggo ta ce ki zauna gida?"

"Ina tsoro, Anti. Amma in tsarin nan ya rushe, ko kin iya ko ba ki iya ba ni ce mai tafiya."

Ta koma kekenta ta yi kwala biyu, ni kuma na rufe nawa na ɗauki mayafi. Har na kai bakin ƙofa ta kira ni.

"Zo nan. Ni ba na cin bashin alheri, yana hana ni barci. Kuma ba kyauta zan ba ki ba, musaya ce. Ki ba ni maɓalli in ba ki kwala. In an tashi kora a rasa wadda za a kora, tunda kowace hannu biyu gare ta." Ta nuna ni da almakashi. "Amma ba a ranar banza ba."

Baba ne ya warware wannan. Ya ce Anti ta ba da rabin yini daga kwanakinta ta zo a namu, ni ma in ba da rabin yini daga nawa in zo a nasu, ba wadda ta ƙara ba wadda ta rage. Da Goggo ta dawo da ƙullin zare ta ji, sai ta ajiye kayan ta zauna, ta ce a ba ta ruwa.

Kwala ta ba ni wuya fiye da yadda na zata. Sai ka manna mata yadin gam da guga don ta tsaya, ka haɗa biyu ka ɗinka ta baibai, ka rage bakin, ka juya. Wurin juyawar nan ne kunnuwa ke lalacewa, ɗaya ya fito da tsini ɗaya kamar hancin kare. Na ɓata ƙyallaye har Dogo ya ce zai haɗa su ya yi matashin kai. Anti kuwa ba ta da haƙurin koyarwa.

"Warware. Wannan kwala ce ko ganyen kabeji? Warware, ƙanwata, yadi ba ya jin kunya, ke ma daina jin kunyarsa."

Sai a zama na uku ta duba hagu da dama, kamar mai shirin faɗin gulma, ta jawo kujerarta kusa da tawa. Ta yanko zare mai kauri ta ninka biyu. Da ɗinki ya kai daidai tsinin kunne, ta tsayar da allura a ciki, ta cusa zaren tsakanin yadin biyu, ta taka ɗinki ɗaya tak a kansa, sannan ta juya ta ci gaba. Da ta gama ta juya kwalar, ta kama bakin zaren ta ja a hankali. Tsinin ya biyo shi ya fito kamar bakin alƙalami. Ta zare zaren ta jefar.

"Shi ke nan?" na ce.

"Shi ke nan me? Shekara nawa na yi kafin wata tsohuwa ta nuna mini? Ki ce shi ke nan! Yi in gani."

Na yi. Bai kai nata ba, amma kunnuwan biyu sun kalli gefe ɗaya.

Kafin ƙarshen wata, wata ranar ƙarshen mako, sai ga uban nan mai maganar jaki ya sake shigowa, wannan karon da 'yarsa. Ya tsaya daga bakin ƙofa kamar mai shirin juyawa.

"Hajiya, na zo ne don kin ba ni haƙuri ranar nan. Gobe nake so. In ba zai yiwu ba ki faɗa mini, titi ba nisa."

Goggo ta waiwayo ta dube ni. Wannan karon ta dube ni sosai. Na gyaɗa kai.

"Ka dawo da yamma ma," in ji Goggo.

Ƙarama ta ɗauko yankakken yadi daga tarin Baba ta haɗa. Na zauna a keken Anti, na sa zarena a tsini na ja. Na ɗora kwalar daga tsakiyar baya kamar yadda ta koya mini, na bi ta zuwa gaba. Na koma kekena na huda, na sa maɓallai. Dogo ya goge, ya ɗaga rigar sama yana juya ta.

"Jakin ya kwantar da kunne," ya ce.

Mutumin ya zo da yamma, ya sa wa yarinyar, ya ɓalle mata har wuya, ya ja baya ya duba. Bai yabe mu ba. Ya dai ce akwai ɗan maƙwabcinsa da wandonsa ya mutu, zai turo shi.

Ƙarshen wata ya zo ya wuce, Goggo ba ta kashe rediyo ta ce a zauna ba. Abin da ta yi kawai, ta tsaya a kan Baba ta ce, "Saura kai. Wa za ka koya wa yanka?" Baba ya ce almakashinsa ba ya son hannun yara. Dogo ya ce shi ma dutsen gugarsa ba ya son hannun tsofaffi, amma a yi musaya a gani. Har yanzu suna ciniki.

Kasuwa ba ta farfaɗo ba tukuna. Albashi rabi ne, a gida mun rage abubuwa da yawa, a kwanakin da ba nawa ba kuma nakan karɓi gyaran kaya daga maƙwabta in yi a ɗaki. Amma ɗakin yana hannunmu, ƙofar shago a buɗe take, kuma riga tana fita kowace rana da wuyanta da gabanta. Rediyo ta ce ana shirin kawo tallafi ga masu ƙananan sana'o'in da suka riƙe ma'aikatansu, wai wannan karon ba za a yi jinkiri ba.

"Allah ya sa," in ji Goggo, tana ninke yadi. "In sun zo ba sai sun yi cigiya ba."

Ranar da Anti ta zo rabin yininta na gaba, ta wuce kai tsaye wurin rigunan da na yi wa kwala. Ta ɗauki ɗaya, ta haɗa kunnuwan biyu baki da baki, ta kanne ido.

"Na hagu ya fi tsawo."

"Da me, Anti?"

"Da gashin ido. Amma ya fi."

Na karɓa na ajiye. A gefen kekena akwai rigunan da ita ta sa wa maɓalli a farkon mako. Tun safe na ga ɗaya, ramin na uku ya kauce daga layi, na ɓoye ta a ƙasan tarin don kada ta ji kunya. Na yi ta juya abin a raina. Can na zaro ta, na miƙa mata da hannu biyu, idona a ƙasa.

"Anti, wannan ma a warware."

Dogo ya ajiye dutsen guga. Ƙarama ta tsayar da keke. Anti ta dubi ramin, ta dube ni, ta sake duban ramin.

"Kun ga abin da nake gudu ko?" ta ce wa shago gaba ɗaya. "Ka koya wa yaro tafiya ya riga ka zuwa kasuwa." Ta ja kujerata ta zauna, ta miƙo hannu. "Ba ni allin, malama."